An ce aiki ya yi kyau, amma zuciya tana kan inji: sharhi kan na'urorin da ke tallafa wa zuciya bayan tiyata

A 'yan shekarun nan akwai wani irin saƙo da ke yawan zagayawa a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai a Katsina da Daura. An kai wani ko wata aikin zuciya Abuja ko Legas, ko Indiya ko Masar, bayan an haɗa kuɗi da ƙyar. Labari ya zo cewa an fito daga tiyata lafiya. Ana cikin hamdala, washegari wani saƙon ya biyo: har yanzu bai farka ba, an ɗora shi kan inji, ana neman addu'a da ƙarin taimako. Daga nan kai ke rabuwa. Wasu su ce likitoci sun yi ɓarna suna rufa-rufa. Wasu su ce ai ya riga ya cika, asibiti ne ke ja don kuɗi ya ƙaru. Wasu kuma su ɗauka tunda har an sa inji, to sauƙi ya samu.

Galibi babu wanda ya faɗi daidai a cikin ukun. Likita yana iya gyara abin da ya shiga gyarawa tsaf, amma naman zuciyar ya kasa ɗaukar nauyin jiki a sa'o'in da suka biyo baya. Idan allurai sun gaza tayar da ita, sai a kawo na'urar da za ta riƙa tura jini a madadinta ko ta rage mata aiki.

Kafin komai, mai jinya ya tambaya wane inji ake nufi. Na numfashi, mai hura iska cikin huhu, kusan duk wanda aka yi wa aikin zuciya yakan ɗauki wasu sa'o'i a kansa, ba abin tashin hankali ba ne. Na wankin ƙoda shi ma daban yake. Wanda muke magana a kai shi ne mai tura jini, kuma ganinsa a jikin mutum alama ce cewa lamarin ya yi tsanani.

## Abin da ke faruwa a ɗakin tiyata

Zuciyar baligi tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti yana zaune, tana bugawa kusan sau 100,000 a yini. Ba a iya yanka ta a ɗinke cikinta tana wannan motsi, cike da jini. Don haka a yawancin ayyukan, sai a sa bututu a karkatar da jinin zuwa wani inji da ke gefen gado, wanda zai sa masa iskar oksijin ya mayar da shi jiki. Likita John Gibbon ne ya fara amfani da irin wannan inji cikin nasara a Amurka a 1953. A Nijeriya kuwa an yi aikin buɗe zuciya na farko a 1974, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu.

Da inji ya karɓi aiki, sai a matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, a zuba wani ruwa mai yawan sinadarin fotasiyam, galibi mai sanyi, cikin jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciyar. Nan take ta tsaya cak, ta saki. A haka likita zai yi aikinsa, wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci biyu ko fiye. Idan ya gama, a saki jijiyar, jini mai ɗumi ya koma, zuciya ta fara motsi. Sai mai kula da inji ya riƙa rage gudunsa kaɗan-kaɗan, kowa ido na kan allo ana duban hawan jini da hoton zuciya, har ta karɓi aikinta gaba ɗaya.

Ga mafi yawan mutane haka abin yake ƙarewa. Ga 'yan kaɗan kuwa, da an rage inji sai jini ya faɗi, zuciya ta kumbura, bugunta ya raunana. Wani ma yakan fito lafiya, sai a ɗakin kulawa ta musamman cikin dare a ga fitsari ya ɗauke, hannu da ƙafa sun yi sanyi, gwajin jini ya nuna tsami na taruwa saboda gaɓoɓi ba sa samun isasshiyar iska.

Dalilan suna da yawa, amma mafi muhimmanci a gane shi ne wanda ke sa likitoci su yi fata. Naman zuciya da aka hana jini na ɗan lokaci yakan sume, bai mutu ba, kuma yakan dawo cikin kwanaki idan an samu abin da zai riƙe jiki kafin nan. Wani lokacin kuma wani ɓangaren naman ya mutu da gaske, ko wata jijiya ta toshe, ko ɗinkin na buƙatar a koma masa. A ranar farko ba kullum ake iya bambancewa tsakanin wanda ya sume da wanda ya mutu ba. Shi ya sa idan ɗan uwa ya tare likita a baranda ya ce, "Likita, don Allah ka gaya mana gaskiya, Baba zai tashi?" amsar takan zama, "Alhaji, a ba mu kwana biyu ko uku mu gani." Mai sauraro yakan ɗauka ana kauce masa, alhali iyakar abin da aka sani ke nan a lokacin.

## Me ya sa abin ya shafe mu musamman

A Turai da Amurka yawancin masu aikin zuciya tsofaffi ne da jijiyoyinsu suka toshe. A nan arewa, da yawa daga cikin waɗanda ake turawa tiyata yara ne da aka haifa da huda a zuciya, da matasa da mata masu ƙuruciya da ƙofofin zuciyarsu, masu hana jini komawa baya, suka lalace. Asalin wannan lalacewar sau da yawa ciwon maƙogwaro ne na ƙwayar cuta da aka yi tun yarinta ba a sha fenisilin ba. Garkuwar jiki ta juyo ta riƙa cin ƙofar zuciya a hankali, shekara da shekaru.

Kafin a gane, an daɗe ana maganin asma, ko taifot, ko sammu. Bayan an yi hoton zuciya an tabbatar, sai a shiga neman kuɗi, wanda kan ci wata da watanni. Duk wannan lokacin ƙofar da ta tsuke tana tara jini a huhu, matsin jijiyoyin huhu yana hawa, ɓangaren dama na zuciya yana gajiya, hanta tana kumbura. Wanda ya iso teburin tiyata a wannan hali, ko an sa masa sabuwar ƙofa mai kyau, ya fi wanda ya zo da wuri haɗarin kasa sauka daga inji. Jinkirin da aka yi a Mashi ko Mai'adua shi ne ke fitowa a ɗakin tiyata a Indiya.

## Na'urorin da kansu

Matakin farko allurai ne masu ƙara wa zuciya ƙarfi da masu matse jijiyoyi, irin su adirenalin da dobutamin. Suna aiki, amma suna tilasta wa gajiyayyen nama ya ƙara himma, kuma idan adadinsu ya yi yawa su ma suna cutarwa. Daga nan ne ake komawa ga na'ura.

Mafi daɗewa kuma mafi sauƙi ita ce balan-balan. Siririya ce doguwa, ana cusa ta ta jijiyar gindin cinya har ta zauna cikin babbar jijiya a ƙirji. Tana bin bugun zuciya: idan zuciya ta saki, balan-balan ta cika da iskar hiliyam ta tura jini cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar, daf da zuciya za ta matsa, sai ta sace, hanya ta buɗe. Likita Adrian Kantrowitz ya fara sa wa marasa lafiya ita a Amurka a 1967. Taimakonta kaɗan ne, sai zuciyar tana da sauran ƙarfi, kuma ba a sa ta idan ƙofar babbar jijiya tana yoyo sosai.

Wadda aka fi jin sunanta, musamman tun lokacin korona, ita ce ECMO. Ana zuƙo jini ta wani bututu mai kaurin yatsa, famfo ya tura shi ta cikin huhun roba, a mayar da shi cikin jijiya da ƙarfinsa. Wanda ya tsaya kusa da gadon zai ga bututu biyu: ɗaya ɗauke da jini mai duhu yana fita, ɗayan da ja jawur yana komawa. Bayan tiyata akan bar bututun a cikin ƙirji, wani lokaci ma ba a rufe ƙashin ƙirjin, sai a lulluɓe wurin da leda mai tsabta. Ko kuma a mayar da su gindin cinya. ECMO tana iya ɗaukar kusan dukkan aikin zuciya, dama da hagu, har da na huhu.

Sai dai tana da nata farashin a jiki. Jini idan ya taɓa roba yakan daskare, don haka dole a riƙa ba da maganin tsinka jini, ga mutumin da aka tsaga wa ƙirji jiya. A ƙara magani ya yi ta zubar jini, a rage gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Bututun cinya yana iya tare wa ƙafa jini har ta lalace, shi ya sa ake ƙara wani ƙarami da zai ciyar da ita. Ƙoda takan tsaya. Ƙwayoyin cuta sukan samu hanya. Kuma da yake ana turo jinin ne ta fuskar da zuciya ke son fitar da nata, ɓangaren hagu yana iya cika ya kumbura, sai an nemi hanyar rage masa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa cikin manyan da aka ɗora kan ECMO saboda gazawar zuciya bayan tiyata, fiye da rabi ba sa fita asibiti da rai. Akwai ma waɗanda ake cire musu na'urar lafiya, daga baya cutar jini ko gazawar gaɓoɓi ta ɗauke su. Wanda zai auna wannan adadi ya tuna cewa mutanen da ake sa wa ita, in ba don ita ba, kusan dukkansu ba za su kai gobe ba.

Akwai kuma ƙaramin famfo mai suna Impella, da bai wuce kaurin biro ba, wanda ake turawa ta jijiyar cinya ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya har ya ratsa ƙofar babbar jijiya ya shiga ɓangaren hagu. Yana zuƙo jini daga ciki ya watsa waje, babbansa yana kai lita 5 da rabi a minti, don haka yana sauke wa zuciya nauyi kai tsaye. Ba ya yi wa huhu komai, yana iya farfasa ƙwayoyin jini, yana da tsada ƙwarai. Wani abu da ya shafi matasanmu: ba a ratsa shi ta ƙofar ƙarfe, kuma ƙofar ƙarfe ce ake yawan sa wa masu ƙananan shekaru saboda ta fi daɗewa.

Duk waɗannan na kwanaki ne, in an ja makonni. Kamar janareta suke idan an ɗauke wuta: zai riƙe gida, amma ba shi zai gyara taransifoma ba, kuma ba a barinsa yana ruri har abada. Don haka tun ranar da aka kunna, tambayar da ke gaban likitoci ita ce me ake jira.

Abu uku ake iya jira. Na farko zuciya ta farfaɗo. Wannan ne ya faru a 1966 lokacin da likita Michael DeBakey ya riƙe wata mata 'yar shekara 37 da famfo na kwana 10 bayan aikin ƙofofin zuciya, aka cire, ta koma gida. Na biyu dashen wata zuciyar. Na uku famfon dindindin da ake kira LVAD, irin su HeartMate 3, wanda ake ɗinkewa a jikin zuciya, waya ta fito ta fatar ciki zuwa batura da mutum zai rataya. Mai shi zai sha wafarin, maganin tsinka jini, muddin famfon na jikinsa, yana gwajin jini a kai a kai, ba zai shiga ruwa ba, wanka ma sai da tsari, kuma dole batura su samu caji kullum. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Katsina, da gumin da zai riƙa jiƙa bakin wayar, da yadda wuta take a unguwanni, ya san nauyin abin. Ga shi babu tsayayyen shirin dashen zuciya a Nijeriya. A aikace, ga mafi yawan mutanenmu hanya ɗaya ce a buɗe cikin ukun: zuciyar ta tashi da kanta.

## Inda masana suka saɓa

Saɓanin farko kan lokaci ne. Wasu likitocin tiyata suna ganin da zarar an gwada sauke mutum daga inji ya ƙi, a sa ECMO tun a ɗakin tiyata, kafin ƙoda da hanta su lalace, domin idan gaɓoɓi suka riga suka tafi, ko zuciya ta dawo ba ta tarar da kowa ba. Wasu kuma suna cewa da yawa za su warware da allurai da balan-balan kawai, gaggawar sa babbar na'ura jefa su ne cikin haɗarin zubar jini ba bisa larura ba. Kowane ɓangare yana da marasa lafiyar da zai nuna.

Na biyu kan hujja ne. Manyan gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a aka kwatanta, an yi su ne kan waɗanda zuciyarsu ta gaza sakamakon toshewar jijiya farat ɗaya, ba bayan tiyata ba. Wanda aka yi a Jamus aka buga a 2012, kan mutum 600, bai nuna balan-balan ta rage mutuwa ba. Wani da aka buga a 2023 bai nuna sa ECMO da wuri ya rage mutuwa ba, sai ma ƙarin zubar jini. A 2024 kuwa, gwajin da aka yi a Denmak da Jamus da Birtaniya ya nuna kashi 45.8 cikin 100 na waɗanda aka sa wa Impella sun rasu cikin wata shida, a cikin waɗanda ba a sa musu ba kashi 58.5, duk da cewa masu famfon sun fi zubar jini da buƙatar wankin ƙoda. Masu taka-tsantsan suna kafa hujja da biyun farko. Likitocin tiyata suna amsawa da cewa nasu yanayin daban ne: mutumin da ya kasa sauka daga inji ba za a jefa masa ƙuri'a ba, ko a tallafa masa ko a kashe inji yana kan tebur. Wannan amsa tana da ƙarfi, amma ba ta nuna wace na'ura ce ta fi ba, shi ya sa zaɓin ya dogara ƙwarai ga abin da asibitin ya saba da shi.

Na uku ya fi kusa da mu. Masu harkar lafiyar al'umma suna cewa kuɗin da za a riƙe mutum ɗaya kan ECMO na mako guda zai sayi fenisilin da na'urar hoton zuciya da za su kare yara masu yawa a ƙananan hukumomi. Masu tiyata suna cewa cibiyar da ke buɗe ƙirjin mutane ba ta da abin ceto idan zuciya ta ƙi tashi, za ta riƙa gudun masu tsananin ciwo ne, ko ta rasa waɗanda da sun rayu. Ga jihar da ke fama da ƙarancin likitoci, maganar farko ce ta fi nauyi a kasafin gwamnati. Ga cibiyar da ta riga ta ɗauki aikin tiyata, ta biyun ba ta da makawa.

## Kuɗi, jini da hannun da zai riƙe

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Farashin da asibiti ke turowa kafin tafiya yakan ƙunshi aikin da 'yan kwanaki a ɗakin kulawa. Na'urar tallafi, kayanta da ake amfani da su sau ɗaya a yar, wankin ƙoda da ƙarin kwanaki sukan zo a wata takarda daban. A nan ne ake sayar da gona ko fili cikin gaggawa, a farashin da bai kai ba.

Jini ma wani abu ne. Mai ECMO yana iya shan leda da yawa, har da ruwan jini da ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa, waɗanda ba kowane ma'ajin jini ke ware su ba. Tsarin da muka saba da shi, na a kira 'yan uwa su zo su bayar, ba ya riƙe wannan da ƙarfe biyun dare. Haka kuma injin da kansa bai isa ba sai da ma'aikaciyar jinya da mai kula da inji a gefensa dare da rana, da wutar da ba ta ƙiftawa. Asibitin da ya ce yana da ECMO, a tambaye shi sau nawa ya yi amfani da ita bara.

## Idan zuciya ba ta dawo ba

Wannan ne wuri mafi nauyi ga iyali Musulmi. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urori idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu mutuwar da ba dawowa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ita ma ta halatta cirewa idan likitoci uku sun tabbatar, sai dai ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Mai ECMO kuwa sau da yawa ƙwaƙwalwarsa tana raye, zuciya ce da sauran gaɓoɓi suka ƙi. A nan magana takan koma kan hukuncin ci gaba da maganin da amintattun likitoci suka haɗu cewa ba zai amfanar ba, kuma malamai da yawa na wannan zamani ba sa wajabta shi. Wasu iyalan duk da haka sukan zaɓi a ci gaba. Zama ɗaya da likita da malami tare ya fi a riƙa kai magana tsakaninsu ta waya.

Akan kuma yi tambaya kan hefarin, maganin tsinka jini da ake amfani da shi a kusan kowane aikin buɗe zuciya, wanda yawancinsa daga hanjin alade ake tace shi. Malamai sun gina sauƙi a kai bisa larura da kuma sauyawar asalin abu, kuma da shi ake aiki a asibitocin ƙasashen Musulmi.

Duk waɗannan maganganu sun fi sauƙi kafin a sa hannu a takardar tiyata, lokacin da mara lafiya yake zaune da hankalinsa. Ya ji daga bakin likita ƙarfin zuciyarsa da matsin huhunsa, ko yana cikin masu babban haɗari, wace na'ura ke ajiye idan an buƙata, nawa take ci a rana, kwana nawa za a jira kafin a sake zama a yi shawara. Ya kuma faɗi wanda zai yi magana a madadinsa idan yana cikin barcin allura. A gidajenmu mai jinyar da ke bakin gado a Indiya sau da yawa mata ce ko ƙane, mai yanke hukunci kuwa yana Ƙofar Soro, mai biyan kuɗi yana Kaduna. Likitan da ke buƙatar amsa cikin minti goma ba zai iya jiran a gama kiran waya uku ba.